LAX-it: wurin ɗaukar fasinja na filin jirgin Los Angeles, ya rage cunkoson titi ya bar matafiyi da jan kaya

Filin jirgin saman Los Angeles na birnin ne, hukumar Los Angeles World Airports ke tafiyar da shi, don haka ita ce ke da ta cewa kan inda mota za ta tsaya. A ranar 29 ga Oktoban 2019 ta hana tasi da motocin Uber da Lyft, waɗanda ake kira ta manhajar waya, ɗaukar fasinja a bakin ƙofofin fitowa, ta mayar da su wani fili guda kusa da Tasha ta 1, wanda aka sa wa suna LAX-it. Sauke fasinja a ƙofa bai canza ba, ɗauka kawai aka taɓa.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san wurin. Titi ɗaya ne mai lanƙwasa ya zagaye dukan tashoshin, kowace mota ta nan take shiga ta nan take fita. Direban manhaja da ya zo neman mutum ɗaya sai ya rage gudu, ya leƙa, ya tsaya a layi na biyu, idan bai gan shi ba ya sake zagayowa. Ga kuma aikin gina layin jirgin ƙasa da zai riƙa jigilar mutane a cikin filin jirgin, wanda ya cinye wani ɓangare na hanya. Ta wannan fuska tsarin ya yi aikinsa, domin an cire dubban motocin da ke shawagi ba kowa a ciki.

Ga yadda ake yi. Bayan ka karɓi kayanka a hawa na ƙasa, ka fita waje ka nemi alama mai launin kore, nan motar bas ta kyauta mai kai mutane LAX-it ke tsayawa. An ware wa bas-bas layin ciki, shi ya sa ba sa maƙalewa kamar ƙananan motoci. Wanda ya sauka a Tasha ta 1 ba ya buƙatar bas, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa. Wanda ya iso daga ƙasar waje ta tashar Tom Bradley kuwa yana can ƙarshen lanƙwasar, da akwatuna biyu tafiyar ƙafa ba ta taso ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kiran mota tun ana jiran kaya. Manhajar ba za ta turo direba ƙofa ba, filin LAX-it za ta tura shi, sai ya isa ya tarar kana cikin bas. Daga nan ko ya soke tafiyar, ko kuɗin jira ya fara hawa. Ka bari sai ƙafarka ta taka filin. Sannan ka duba layin tasi kafin ka danna komai: tasi na jere ne, wanda ke gaba shi ke ɗauka, babu neman lambar mota, kuma farashin mita ba ya tashi don mutane sun yi yawa, alhali na manhaja yana iya tashi idan jirage da dama suka sauka lokaci guda. Sau da yawa tasi ya fi sauri a nan, abin da masu sabo da waya ba sa zato.

Filin kansa ba laifi. Akwai bayan gida, wurin zama, inuwa, wurin cajin waya da ma'aikata masu nuna hanya. Kwanakin farko dai an sha wuya, layi ya yi tsawo har hukumar ta ba da haƙuri, ta kuma faɗaɗa filin cikin kusan mako guda, wanda ke nuna an raina yawan jama'a tun wajen lissafi.

Inda tsarin ya gaza shi ne hawa da sauka. Sai ka loda kaya a bas, ka sauke, ka sake lodawa a mota. Ga tsoho, ko mace mai goyo da yara, wannan ba ƙaramin aiki ba ne bayan doguwar tafiya. Bas ɗin da ya cika a tashoshin farko kuma yakan iso na gaba ba wuri. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne an bar motocin alfarma irin su Uber Black suna ɗauka a ƙofa, wato mai kuɗi ya tsallake wahalar, kodayake motarsa ma titin take tarewa.

Gargaɗi ɗaya: duk wanda ya tare ka a cikin tasha yana cewa yana da mota, ka wuce shi. Direba mai izini ba ya farautar fasinja a zauren fitowa. Idan kuma tsakiyar gari ka nufa da kaya kaɗan, bas ɗin FlyAway mai zuwa Union Station, babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, yana ɗauka a gaban tashoshin, ba sai ka je filin ba.