Harafi ɗaya ya lallashi faifaina: sharhi kan tsarin quirks na Linux

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyon biki, shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina. Kwamfutar da nake tara aiki a kanta tsohuwa ce, Linux Mint ke ciki, wato wani nau'in Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Wata uku da suka wuce na sayi SSD, wato faifan ajiyar bayanai, mai terabayit 1 da ƙaramin kwanso na USB da ake zura shi a ciki, don in riƙa kwashe aikin mutane. Kwanson mai araha ne, ko suna kirki babu a jikinsa. Nan matsalar ta fara.

Ƙananan hotuna suna wucewa lafiya. Amma da na tura bidiyon kamu ko na ɗaurin aure mai nauyi, sai kwafin ya yi rabi ya tsaya cik, fitilar kwanson ta daskare, can kuma faifan ya ɓace daga allo kamar an zare shi. Sau biyu ina canza waya. Na har fara zargin SSD ɗin jabu ne, ga uwar amarya tana kira safe da yamma.

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ne ya leƙo shago. Ya buga dmesg, umarnin da ke nuna rahoton da Linux ke rubutawa game da na'urori, sai ga layi bayan layi na uas_eh_abort_handler da saƙon cewa an sake tayar da na'urar. Ya ce, "Kawu, faifanka lafiya lau yake. Kwanson ne ya yi alƙawarin abin da ba zai iya ba."

Ga yadda na fahimci zancen. Linux na da direba biyu, wato ƙananan manhajoji, na magana da irin wannan faifai. Tsohon, usb-storage, umarni ɗaya yake aikawa, ya jira amsa, sannan ya aika wani. Sabon, uas, wanda aka fara amfani da shi sosai tun Linux 3.15 a 2014, yana jera umarni da yawa lokaci guda, shi ya sa ya fi sauri. Idan kwanso ya ce ya iya UAS, Linux sai ya yarda da shi. Wasu kwansunan kuwa baki ne kawai, da an ɗora musu kaya sai su zube. Masu kula da Linux suna da jerin irin waɗannan na'urori masu taurin kai a cikin fayiloli irin su unusual_devs.h da unusual_uas.h, amma wa zai iya lissafa duk kwanson da ake shigowa da shi kasuwa? Nawa dai bai shiga jerin ba.

A nan ne abin da nake yabawa yake: sun bar wa mai kwamfuta ƙofa ya saka tasa na'urar da hannunsa, ba sai ya jira sabon fitowar Linux ba, kuma wannan ƙofar ita ake kira quirks. Ka buga lsusb, za ka ga lamba mai kashi biyu, haruffa huɗu-huɗu, ta mai ƙerawa da ta samfurin. Sai ka buɗe fayil a /etc/modprobe.d/ ka rubuta options usb-storage quirks=aaaa:bbbb:u, ka sa lambarka a madadin aaaa da bbbb. Wannan u ɗin na ƙarshe shi ne duk maganin: ma'anarsa kada a yi wa wannan na'ura magana da UAS. Muka gudanar da update-initramfs -u don gyaran ya shiga tun daga tashin kwamfuta, muka kashe muka kunna. Da muka duba lsusb -t, direban ya koma usb-storage.

Abin da ya fi burge ni, kafin ma mu rubuta fayil ɗin sai da muka gwada a /sys/module/usb_storage/parameters/quirks, muka zare faifan muka mayar. Gwaji ne da ke gushewa idan an kashe kwamfuta, don haka ko ka yi kuskure ba ka ɓata komai ba. Ga mutum irina mai tsoron taɓa cikin inji, wannan ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne.

Tun ranar, faifan bai sake ɓacewa ba. Bikin da ya gagara kwafuwa ya shige a zama ɗaya.

Sai dai ba kyauta ba ne. Saurin ya ragu, musamman in ina kwashe babban fayil ina kuma buɗe hotuna daga faifan a lokaci guda. Nan za ka ji yana jan ƙafa. Ni na gwammace haka, domin aikin da ya ƙare a makare ya fi wanda ya karye a tsakiya. Wanda ke tace bidiyo kai tsaye daga faifan kuwa, shawarata ya ƙara kuɗi ya sayi kwanso na kirki.

Na biyu, haruffan ba sa bayyana kansu. Akwai i da ke sa a yi watsi da na'urar gaba ɗaya, akwai m da ke rage girman abin da ake turawa a lokaci guda, akwai w mai hana binciken kullen rubutu, da wasu da dama. U da i kuma maƙwabta ne a kan kibod, yatsa ya zame ka ga faifanka ya ƙi fitowa sam. Ba maɓalli, ba taga mai hoto. Sai ka nemo takardun bayanin Linux ka karanta da Turanci. Da ba don yaron nan ba, da ban san ƙofar tana nan ba ma.

Wani abu da na gano daga baya: lambar nan sau da yawa ta ɗan guntun injin da ke cikin kwanson ce, kuma kwansuna daban-daban kan zo da iri ɗaya. Abokin sana'ata ya kawo nasa, kamanninsa daban da nawa, muka jona sai ga shi shi ma ya koma tsohon direba, alhali lafiyarsa ƙalau.

Kuma kada kowa ya ɗauka maganin kowace cuta ne. In waya ce ta lalace, ko wutar da ramin USB ke bayarwa ba ta isa faifan ba, ko harafi goma ka jera ba abin da zai sauya. Masu ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 su kuma a cmdline.txt suke rubuta usb-storage.quirks= da lambarsu, kuma dole komai ya zauna a layi ɗaya.

Lambar kwansona yanzu tana rubuce da maka a bayansa, da u ɗinta, saboda ranar da zan sake zuba Linux a kwamfutar, alhali yaron yana makaranta.