Liyafar Idin Ƙetarewa a wani otal na Kudus: kuɗina bai tafi a banza ba

Idan ziyararku ta Kudus ta faɗo daidai da Idin Ƙetarewa na Yahudawa, manyan otal-otal kan shirya liyafar daren farko, wadda ake kira Seder, kuma baƙo ma yana iya kama kujera. Na kama tawa a otal ɗin da muka sauka, ranar Asabar 12 ga Afrilun 2025 da dare. Akwai tsada, kuma sai an biya tun da wuri, domin masu kiyaye addini ba sa taɓa kuɗi a ranar idi.

Shawarata ta farko: ku sa wani abu a ciki kafin ku fito. Ba a farawa sai duhu ya shiga, kuma kafin a kawo abinci sai an karanta rabin littafin Haggada, labarin yadda Allah ya fitar da Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna. A wannan tsakanin ɗan ganye kawai muka tsoma a ruwan gishiri, don tuna hawayen bauta.

A nan ne otal ɗin ya burge ni. Kowane tebur an ajiye masa faranti mai ƙashin da aka gasa, dafaffen ƙwai, ganye mai ɗaci, da haroset, wani kwaɓin tuffa da gyaɗar waje mai zaƙi da ke wakiltar laka da bayi suka yi gini da ita. An ba mu littafin da fassarar Turanci a gefe, kuma wani dattijo da aka zaunar da mu tare ya riƙa nuna mini shafi da yatsa ba tare da ƙosawa ba. Ana shan kofi huɗu na ruwan inabi. Ni ba na shan giya, ina faɗa wa ma'aikaci ya kawo mini wanda ba ya bugarwa, ko gira bai ɗaga ba. Da aka zo lissafin annoba goma na Masar, kowa ya ɗiga ɗigo ɗaya daga kofinsa kan kowace annoba, wai farin ciki ba ya cika tunda Misirawa ma sun sha wuya. Wannan ya taɓa min zuciya ƙwarai.

Matsa, gurasar da ba yisti, ana gama toya ta cikin minti 18 kafin ƙullun ya tashi. A baki kamar busasshen biskit take, ba gishiri ba suga. Wata saiwa mai yaji da ake ci don tuna ɗacin bauta kuwa har cikin hanci take shiga. Romon kaza mai curin garin matsa ya yi daɗi, naman shanu ya dahu luguf. Kifin da aka niƙa aka kawo da sanyi ne na kasa gamawa. Shinkafa babu, saboda Yahudawan asalin Turai ba sa cin ta a kwanakin idin.

Inda otal ɗin ya gaza shi ne girman zauren. Ba a amfani da lasifika a ranar idi, don haka mu na baya da ƙyar muka ji yarinyar da ta rera tambayoyi huɗu da yara kan yi a Seder kan abin da ya bambanta wannan dare da sauran darare, alhali ita kowa ke jira. Ya kamata su raba jama'a zuwa ƙananan ɗakuna. In za ku je, ku roƙi tebur kusa da jagoran liyafar tun lokacin biya, kuma ku bar waya a ɗaki, ba a ɗaukar hoto.