Yadda wani shagon gyaran hoto a Jidda ya yi da hotunana na furen lauz

Yabon da 'yan uwa Hausawa suke yi wa shagon nan ne ya kai ni wurinsu, kuma a gaskiya tarbar da suka yi mini ba ta da aibu. Abin da na kai musu hotunan furen lauz (wato almond) ne da na ɗauka a tsaunukan Bani Malik, kudu da Ɗa'ifa, a watan Fabrairu, lokacin da itacen yake yin fure tun ganye bai fito ba, rassa su yi fari fat, tsakiyar kowane fure kuma da ɗan ja-ja. Na nemi a gyara su a buga manya domin falon mahaifiyata a Makka.

Ranar da na je karɓa raina ya ɓaci matuƙa. Hasken rana a kan tsaunuka yana da kaifi, shi ya sa na rage hasken kyamara da gangan lokacin ɗauka, domin kada farin ya ƙone. Yaron da aka bai wa aikin ya ga hotunan da ɗan duhu, ya ɗauka matsala ce, sai ya ɗaga hasken gaba ɗaya. A hoton JPEG, wato tsarin ajiye hoto da aka fi sabawa da shi, ja da kore da shuɗi ne suke haɗa hoton, kowane launi matakai 256 ne kawai gare shi, daga 0 zuwa 255, kuma da zarar ja da kore da shuɗi duk sun kai ƙarshe, babu abin da ya rage a wurin sai farin takarda. Siraran jijiyoyin da ke jikin furen sun tafi, inuwar da ke raba wannan fure da wancan ta tafi, reshe guda ya koma dunƙule ɗaya. Bai tsaya nan ba, ya ƙara wa sararin sama launi har shuɗin ya shiga inuwar furannin, suka zama kamar farar shadda da aka cika wa bula.

Na ce masa, "Ɗan'uwa, ba haka Allah Ya halicci furen nan ba." Ya ce, "Alhaji, ai mutane sun fi son hoto mai haske." Amsar ta fi aikin ƙona mini rai.

Mai shagon ne ya shiga tsakani, kuma ya cancanci yabo a nan. Ya zaunar da ni kusa da kwamfuta, ya buɗe hotunan da na ɗauka a tsarin RAW, wanda yake riƙe bayanin haske fiye da JPEG nesa ba kusa ba, ya sauke hasken wuraren da suka fi ƙyalli kaɗai, ya daidaita farin ya cire shuɗin, ya bar duhun rassan yadda yake. Ya kuma ba ni shawarar takarda marar sheƙi, wadda ta dace da farin fure ƙwarai. Da na ga sakamakon har na fara tunanin turo masa abokaina.

Sai dai akwai hoto guda da ba zan iya yafewa ba, wanda ƙudan zuma ya sauka a tsakiyar fure, kuma shi ne Hajiya mahaifiyata ta zaɓa da kanta. A JPEG kawai yake, yaron kuma ya adana gyaransa a kan na asali a katin kyamarata ba tare da ya tambaye ni ba. Mai shagon ya yi iya ƙoƙarinsa, amma rage hasken wurin da ya riga ya ƙone toka-toka kawai yake bayarwa. Duk da haka sun lissafa shi cikin kuɗin, ko riyal ɗaya ba su sauke ba, kuma yaron bai ce a yi haƙuri ba. Furen lauz 'yan makonni yake yi ya zube, dole in jira baɗi in sake hawa Bani Malik, kuma hotunan da zan ɗauko ba za su shiga hannun yaron nan ba.