Jama'a ku yi hattara da mai kafa eriyar nan na Jos, ya ci min dubu 185

Wallahi tun shekaranjiya nake rubutawa ina gogewa saboda kunya, amma gara in faɗa. Naira dubu 185. Dubu 120 na farko, dubu 65 ciko, duka tiransifa na yi da hannuna ba wanda ya sa min wuƙa a wuya. Kuma kafin wani ya zo min da "ai kai ma ka yi sakaci", ni ba sabon shiga ba ne a harkar rediyon sha'awa, wato masu kafa rediyo a gida suna magana da junansu ta iska, shekara ta nawa ina magana da mutane a zangon rediyo na mita 20 da 'yar wayar da na ɗaure tsakanin bishiyar mangwaro da tankin ruwa a gidanmu na Rikkos, har Turai na taɓa kamawa da ita da yamma.

Abin da nake so kawai shi ne in ɗaga eriyar sama. Fayif mai mita 9, daifol, wato eriyar waya mai hannu biyu, na zangon mita 40 da na 20 a kai, kebul RG-213 mita 30, balun, ɗan kwalin da ke haɗa kebul da eriya, sai sandar ƙasa saboda tsawa, don duk wanda yake garin nan ya san yadda aradu take sauka da damina, muna kan tudu sama da mita 1,200. Shi ke nan fa.

A wani guruf na WhatsApp na samo lambarsa. Ya ce da yana aikin hawa dogayen turakun sadarwa ne. Ya zo gida ranar wata Asabar, ko Lahadi ce ma, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai ya kalli tsohuwar wayata ya ce "Yallaɓai wannan ta mita 20 ce ko, kowane hannu mita 5 da 'yan kai, amma ta yi ƙasa da yawa kwano yana cinye maka ita." Wannan maganar ce ta kashe ni. Don gaskiya ne! Wa zai kalli waya a sama ya faɗi haka in bai san aiki ba? Har yanzu in na kwanta sai in riƙa jin muryarsa, kowane hannu mita 5 da 'yan kai. Muka yi la'asar tare sahu ɗaya, ya ci tuwo a gidana, da zai tafi ya miƙo hannu yana murmushi ya ce 73, gaisuwarmu ta 'yan rediyo. A ƙofar gida na tura dubu 120 ɗin, ina tsaye alat ya shigo wayarsa.

Maiɗakina ta ce min "Baban Ummi ka bari ya kawo kayan tukuna mana", na ce mata ke ba ki san harkar ba. To.

Ranar da abin ya faɗi ma ba na gida. Iskar farkon damina ce cikin Afrilu, ba wata babba ba, aka kira ni a waya cewa fayif ya kwanto kan kwanon maƙwabcina ya huda fallen kwano biyu, saura kaɗan ya taɓa wayar NEPA da ta bi bayan katanga. Da ya taɓa fa? Yara suna wasa a lungun nan kullum. A'a tsaya, kafin nan ma ai na fara ganin alama, tun daren farko da na kunna rediyo SWR, ma'aunin da ke nuna ko eriya ta dace da rediyo wanda ake so ya tsaya kusa da 1, yana tsalle, yanzu 2 an jima ya wuce 3, rediyon da kansa yana rage ƙarfi don kare kansa. Na kira shi ya ce sanyi ne, wai waya sai ta zauna. Waya sai ta zauna! Kuma na yarda, a lokacin na riga na tura cikon dubu 65 don ya ce yaransa suna jiran kuɗin aiki.

Sai da abin ya sauko ƙasa na ga me na saya. Na yanka kebul ɗin, kaurinsa daidai da RG-213, amma na gaske zare bakwai ne na jan ƙarfe a tsakiya a murɗe, wannan tsinke ɗaya ne tal. Na ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifika na kara, caraf ya kama. Ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya, irin kebul ɗin dish mai kauri. Na san wani zai ce ai irin wannan kebul ɗin mai ohm 75 ma yana aiki da daifol, eh na sani malam, amma ba shi na biya ba, kuma ragar jikinsa alminiyam ce ba ta kama dalma, shi ya sa ya cusa ta cikin kan da ake jonawa ya naɗe da salatif kawai, ruwa ya shiga ya yi fari fat. Balun kuwa na kwance murfin, kwalin roba ne fayau, wayoyi biyu a murɗe ba komai a ciki, ko zoben nan da ake naɗa waya a kai babu. Sandar ƙasa da hannu ɗaya na tumɓuke ta, guntun rodi ne bai kai tsawon hannuna ba an fesa masa fenti kalar jan ƙarfe. Igiyoyin da suka riƙe fayif ɗin guda uku, biyu igiyar shanya ce, gindin kuma ko kwano ɗaya na siminti bai sha ba. Ni ina wurin aiki ranar da ya kafa, abin da ya cuce ni ke nan, na dawo bayan magariba na ga abu a tsaye na ji daɗi.

Dubu 185, ga dubu 22 na kwanon maƙwabci da kafinta, mutumin kirki ne bai ce komai ba sai "Allah Ya tsare gaba", wannan ma ta fi zagi ciwo.

Na kira ya ce yana Bukuru zai zo gobe, gobe ta zama jibi, daga nan ya ce an yi masa rasuwa, yanzu ya yi bulokin ɗina ko'ina. Shagon da ya kwatanta min wajen Terminus na je har sau biyu, masu wurin suka ce ba su taɓa ganin mai kama da shi ba. Ina da sikirinshot na hirarmu duka da rasit na tiransifa biyun da hoton kebul ɗin manne da maganaɗisu, zan ɗora su in na rufe lambobin asusu.

Kar ku biya sai kun ga kaya, ku je da maganaɗisu, ku buɗe balun, ku tsaya a kan aikin, kuma fayif ya yi nisa da wayar wuta fiye da tsawonsa.

Na mayar da tsohuwar wayata kan mangwaro jiya, SWR 1.4. Mutumin nan tuwona ya ci fa, har ƙari aka yi masa.