Mai wayarin ɗin Magazin da ya sauya wa kwayil ɗin motata mazauni

Peugeot 504 ɗin da na gada daga mahaifina ta shafe watanni tana kunyata ni a bainar jama'a. Da safe takan tashi da zarar an murɗa makulli, amma idan rana ta take kuma cunkoson kasuwar Kejetia da ke Kumasi ya riƙe ta, sai injin ya shiga tari ya mutu, ba kuwa zai sake tashi ba sai ya huce. Sau biyu wani fita, wato makanike, na unguwarmu a Aboabo yana sa ni sayen sabon kwayil, sau biyun kuma cutar tana dawowa.

Wannan ne ya kai ni wurin wani dattijon mai wayarin a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, can cikin lungun da gawarwakin tsofaffin motoci suka yi layi. Abin da ya fara burge ni shi ne bai nemi sayar mini da komai ba. Ya sa aka bar injin yana aiki har ya ɗauki zafi, ya kai bayan hannunsa kusa da kwayil ɗin, ya janye da sauri, sannan ya ce: "Alhaji, wa ya ɗaura maka shi a nan?" Ashe an kwantar da shi ne a jikin injin, dab da bakin salansa.

Bayaninsa ya gamsar da ni. Aikin kwayil shi ne ɗaga wutar batir daga bolt 12 zuwa dubbai domin filogi ya ba da tartsatsi, kuma irin na dā cike yake da mai wanda ke sanyaya naɗaɗɗiyar wayar da ke ciki. Zafi da girgiza su ne ajalinsa, kuma idan aka kwantar da shi man kan iya tsiyaya ta baki, ya bar wayar a tsirara. Wanda aka cika da daskararren ƙaro ne kawai ba ruwansa da tsaye ko kwance. Da ya ɗora mita, sai ya ga nawa mai om 1.5 ne (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga wuta), irin da ba ya aiki sai da rasista mai rage wuta a gabansa, alhali an daɗe da cire rasistar, wato yana shan wutar batir gaba ɗaya. Ya kawo mai om 3, ya tsayar da shi baki sama a cikin madigadi, ɓangaren da salansa ba ta bi, inda iska ke ratsawa, ruwan taya ba ya kaiwa, wayar da ke zuwa distiributa, mai raba wuta ga filogai, kuma ba ta yi tsawo ba.

Sai dai wurin na buƙatar haƙuri. Na isa da ƙarfe 8, ba a taɓa motar ba sai bayan azahar, kuma benci ɗaya ne tal a inuwa. Yaran shagon sun bar mini shatin hannuwansu na baƙin mai a jikin fenti, ramuka biyun da aka huda don ɗaura kwayil ɗin kuwa ba a shafa musu komai ba, abin da daminar Kumasi ba za ta yafe ba. Da na yi ƙorafi, cewa ya yi: "Alhaji, wuta ce aikina, fenti na wasu ne." Ni na sayi fentin na shafa da kaina. Ranar Juma'ar da ta biyo baya na hau da ita tudun Mampong da tsakar rana, na tsaya a sama na buɗe bonet, na riƙe kwayil ɗin da tafin hannuna.