Sharhina kan buɗe hanyar abinci da balan-balan

Shekara biyu ina shan maganin olsa, ashe ba ita ce ba. Tuwo sai ya tsaya mini a ƙirji, ruwa ma haka, da dare kuma abin da na ci ya dawo har ya jiƙa matashi. Na rame, har Gwaggo ta fara zancen sammu.

Wani likitan ciki ne ya sa na sha ruwan bariyam, fari mai kauri kamar an dama alli, aka ɗauki hoto. Sai ga ƙarshen hanyar abincin ya tsuke kamar bakin tsuntsu. Sunan ciwon akalasiya: tsokar da ke ƙofar tumbi ce take ƙin sakewa, saboda jijiyoyin da ke juya ta sun lalace. Ba daji ba ne, kuma a shekara kusan mutum 1 cikin 100,000 yake kamawa.

Ya zayyana mini tiyatar Heller, wato a yanka tsokar don ta saki, da ake yi tun 1913, da wata sabuwa da aka fara a Japan a 2008 wadda ake yanka tsokar ta baki. Aljihuna ya zaɓi balan-balan.

Aikin kansa bai kai minti talatin ba. Aka yi mini allurar barci, aka zura kyamara, aka hura balan-balan mai faɗin milimita 30 a wurin da ya tsuke. Kafin nan likitan ya ce, "Malam, akan samu wanda hanyar take yagewa, sai an yi masa tiyata." Na yaba da bai ɓoye ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ɗage ranar da aka yi sau biyu, bayan na kwana biyu a kan ruwa-ruwa, ko kira babu.

Na farka ƙirji na zafi. Washegari koko ya wuce sumul, ran na takwas na ci tuwon shinkafa da miyar kuka, maiɗakina tana ƙirga lomomin.

Amma kada a ɗauka warkewa ce. Ƙwannafi ya zo, nakan sha omefrazol, kuma bayan wata 14 shaƙewar ta fara dawowa, aka sake hurawa da mai milimita 35. Duk da haka da a ce yau ne, shi zan sake zaɓa. Tsire dai har yanzu ba na taɓa shi sai da kofin ruwa a gefe.