Tsohon dan kabu-kabun da ya koya min mashin, ga yadda munka kare da shi

Wata biyu kenan da na sayi Boxer, kuma ranar da anka kawo shi gida Mabera ko kik ban iya bugawa ba, kanena ne ya turo shi cikin zaure. Abokai sunka ce haba wai mashin har sai an koya maka, hau kawai in ka sha kasa sau biyu ka iya. To ni da mata da diya biyu ban shirya zuwa wurin madori ba, shi yasa na nemi wani dattijo da anka yi min kwatance, tsohon dan kabu-kabu ne, gwiwa ta hana shi yawon gari sai ya koma koya ma mutane da safe a wani fili can bayan bayafas. Kwana 10 na yi wurinshi, ni ke sayen mai, kudin koyo kuma ciniki ne.

Ranar farko wallahi har raina ya baci. Na zo da zumudin in zagaya fili, Baba yace zauna nan, rike kulochi, sa giya daya, saki a hankali har ka ji mashin shina son tafiya, sannan ka sake damkewa. Haka muka wuni, mashin ya mutu min ya fi a kirga. Nace Baba yaushe za mu fara gudu, yace yaro gudu ko jaki ya iya, tsayawa nike koyarwa. Sai daga baya na gane in ka san inda kulochi ke kamawa baka mutuwa tsakiyar randabawul din Gidan Man Ada motoci na danna maka hon ana zaginka.

Inda ya fi burge ni shine maganar burkin gaba. Mu nan kowa tsoronshi yake, ana cewa in ka taba shi ya wurga ka, wasu ma har waya suke bari ta tsinke ba su gyara ba, sai na kafa kawai. Baba yace karya ne, in ka taka burki nauyin mashin da naka duk gaba suke komawa, don haka tayar gaba ce ta fi rike kasa, na baya kadai in ka danne shi da karfi taya ta kulle ka ga gindin mashin ya bi gefe. Ya ja layi a kasa yasa na tsaya da na baya kadai, sannan da duka biyun, bambancin da na gani da idona ya isa a ce ko ka bugi mutum ko baka buge shi ba. Amma matsawa ake a hankali ana karawa, ba fizga ba, kuma mashin na tsaye sak. Cikin kwana ko kan rairayi kuwa yace cire yatsunka daga nan. Kun dai san titunanmu, gefe duk yashi ne, balle bayan ruwan sama ya kwaso shi ya zube a kwana, nan ne lanoni, wato sababbin koyo, ke zubewa. Rage gudu tun kafin ka shiga, kada ka murda totur, kada ka kalli ramin da kake tsoro don inda idonka ya tafi nan mashin ke bi. Wanga zance na dauka wasa ne sai da na bi dutse daya tilo da ke cikin filin na hau shi.

Kwana na bakwai munka fita titi shina bayana a goye, hanyar Kalambaina ya kai ni da gangan saboda tirelolin siminti. Yace in baka ganin fuskar direba a madubinshi to shima bai san kana duniya ba, kuma kada ka kuskura ka kutsa tsakanin tirela da gefen titi in zata sha kwana. Masu agwagwa da buje, wato keke napep, kuma ka dauka kowane lokaci zasu iya tsayawa ba sigina. Madubi na da samari ke cewa in kwance wai ya fi kyau, yace in na cire kada in dawo mishi. Ranar Juma'a da na zo da babbar riga ya nade min ita da kanshi har cinya, wai ya sha ganin sarka ta ja rigar mutum ta kada shi. Silifas ma ya hana, kuma salansa ta riga ta yi min tambari a kafa kafin in ji magana.

To inda bai min ba. Hular kwano daya gare shi, tsohuwa, madaurinta ya tsinke, ga warin zufa, da zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 sai ka ji kamar an kife maka tukunya. Mutumin da ke wa'azin kariya haka bai kamata ya ba dalibi hular da zata fice kafin kai ya kai kasa ba, dole na shiga kasuwa na sayo tawa mai rufe haba. Na tuna 2009 da 'yan Road Safety sunka tsananta dokar hula har wasu ke kifa kwarya, tashi bata fi kwaryar da nisa ba. Sannan alamun hanya bai koyarwa ko daya, maganar lasisi kuma cewa yayi wannan tsakaninka da hukuma, ni da kaina na bincika na ji ajin A ne na mashin. Tukin dare ma bamu yi ba, ga shi in yace karfe bakwai to ka sha kununka a natse, sai takwas.

Duk da haka kanwar matata da ke son sayen roba-roba don zuwa makaranta wurinshi nace a kai ta, da hularta a hannu, kuma yayanta ya raka ta.